Suna ɗaya, mutum dubu: Yadda rumbunan bayanai ke rikita masu suna iri ɗaya

Tsakanin shekarar 2012 da 2023, aƙalla manyan jami'ai huɗu ne suka riƙe muƙamai a Najeriya da suna Muhammad Abubakar.

Akwai Mohammed D. Abubakar, Sufeto Janar na 'yan sanda daga 2012 zuwa 2014, da Mohammed Abdullahi Abubakar, gwamnan jihar Bauchi daga 2015 zuwa 2019. Akwai kuma Muhammad Badaru Abubakar, gwamnan Jigawa daga 2015 zuwa 2023, da Mohammad Mahmood Abubakar, ministan aikin gona daga 2021 zuwa 2023. Tun kafin su, Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya hau gadon sarauta a 2006.

Ba a cika rikita waɗannan mutane ba, domin kowanensu na da muƙami da jiha da fuskar da jama'a suka sani. Sai dai ɗimbin masu wannan suna da ba su da muƙami, abin da kwamfuta ta sani game da su shi ne haruffan sunansu da ranar haihuwa da lambar waya.

A yanzu da buɗe asusun banki, da sayen layin waya, da neman fasfo ko gurbin karatu duk suka dogara ga abin da ke rubuce a rumbunan bayanai, kuskuren kwamfuta kan suna na iya hana mutum bashi, ko biza, ko kuɗinsa na ajiya.

Yadda ake gane mutum a cikin ganuwa

A tsohon birnin Zariya, daga Ƙofar Jatau zuwa Ƙofar Doka, da Ƙofar Kuyambana, da Ƙofar Gayan, da Ƙofar Kona, sunayen yanka da ake raɗa wa jarirai ranar suna ba su da yawa. Mafi yawansu na annabawa ne, da sahabbai, da iyalan gidan Manzon Allah (SAW). Da wuya a sami babban gida da babu Muhammadu ko Abubakar ko A'ishatu ko Fatima, wani lokaci ma fiye da ɗaya.

Wannan bai zama matsala ba, domin Bahaushe ba ya dogara ga sunan yanka kaɗai. Akan bambanta mutum da ranar haihuwarsa, kamar Ɗanladi ko Balarabe ko Talatu ko Asabe. Akan bambanta shi da matsayinsa a ɗakin mahaifiyarsa, kamar Tanko, namijin da ya biyo mata, ko Gambo, wanda ya biyo tagwaye. Wanda ya ci sunan kakansa akan sakaya shi da Abba ko Baba ko Babangida saboda alkunya.

Kamannin jiki ma na shiga. Kalmar Jatau kanta laƙabi ce da ake yi wa mutum mai hasken fata. Irin wannan laƙabi ne ya haifi sunan babban birnin Najeriya: wani ɗan gidan sarautar Zazzau mai suna Abubakar, da ake kira Abu Ja, shi ne ya kafa garin Abuja na asali a 1828, garin da yanzu ake kira Suleja.

Bayan laƙabi akwai sana'a da gida da unguwa. Baƙon da ya zo neman wani Malam Ibrahim a cikin birni za a tambaye shi: na gidan wa, ɗan wace unguwa, maɗinki ne ko malamin zaure? Idan abin ya faskara, mai unguwa na nan, kuma aikinsa ne ya san mutanensa.

Ke nan shaidar mutum ta kasance a bakin maƙwabtansa. Fom ɗin kwamfuta kuwa gurabe uku yake bayarwa, wato sunan farko da na tsakiya da na iyali, tsarin da aka aro daga Turawan Ingila.

A ƙasar Hausa babu tsayayyen sunan iyali a al'adance. Suna na biyu na mahaifi ne, don haka yakan sauya daga uba zuwa ɗa. Makarantun boko na zamanin mulkin mallaka sun magance wannan ta hanyar liƙa wa ɗalibi sunan garinsu, shi ya sa aka san Aminu Kano da Shehu Shagari da Sa'adu Zungur da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Amma mafi yawan jama'a sun ci gaba da amfani da sunan uba, wanda shi ma daga cikin 'yan sunayen nan yake fitowa.

Su wane ne dillalan bayanai?

Dillalan bayanai kamfanoni ne da ke tattara bayanan mutane daga wurare daban-daban, su harhaɗa su, su sayar ga mai buƙata. Galibi mutum ba ya da wata mu'amala da su, kuma bai san suna riƙe da sunansa ba.

Sukan samo bayanan daga takardun kotu, da jaridu, da shafukan sada zumunta, da bankuna, da manhajojin wayar salula. Masu saye sun haɗa da bankuna da kamfanonin inshora da masu ɗaukar ma'aikata da 'yan talla.

A Amurka wannan harka ta fi bunƙasa, inda ake da kamfanoni irin su Acxiom da LexisNexis da Experian da Equifax da TransUnion. A wani rahoto da hukumar kula da cinikayya ta ƙasar, FTC, ta fitar a 2014 kan dillalai tara, ta gano cewa ɗaya daga cikinsu na da nau'o'in bayani har 3,000 a kan kusan kowane magidanci da mai sayayya a ƙasar.

A Najeriya akwai kamfanoni uku masu lasisin Babban Banki da ke adana tarihin bashin jama'a: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Bankuna kan duba rahotonsu kafin su bayar da rance. Akwai kuma kamfanonin tantancewa da ke duba wa bankuna da manhajojin kuɗi lambar ɗan ƙasa ko ta banki.

Manhajar Truecaller ta ƙasar Suwidin, wadda ta yaɗu a arewacin Najeriya, ta gina rumbunta ne a wani ɓangare daga sunayen da mutane suka adana a wayoyinsu, don haka sunan da take nunawa ba lallai ya zama wanda mai layin ya zaɓa ba. A 2019 hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta Najeriya, NITDA, ta sanar da buɗe bincike kan kamfanin.

Kuskure iri biyu

Kuskure na farko shi ne haɗe mutum biyu ko fiye su zama ɗaya. Idan kwamfuta ta ga suna ɗaya a takardu biyu, kuma ba ta da wata alama ta daban, tana iya ɗaura wa wani bashin wani, ko hukuncin kotun wani.

Ranar haihuwa ya kamata ta raba gardama, to amma ita ma ba ta da ƙarfi a inda ba a yi wa jarirai rajista sosai. Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2018 ya nuna cewa kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Da yawa daga cikin manya ƙiyasta shekarunsu aka yi, kuma masu cike fom kan rubuta musu ɗaya ga Janairu. Sakamakon haka, akan sami masu suna ɗaya da ranar haihuwa ɗaya a ƙaramar hukuma ɗaya.

Adireshi ma haka. A lungunan tsohon birni, abin da aka saba faɗa shi ne unguwa da sunan mai gida, ko kusa da masallacin wane, abin da kwamfuta ba ta iya kwatantawa.

Kuskure na biyu shi ne raba mutum ɗaya ya zama biyu ko uku. Muhammad da Mohammed da Muhammed da Muhammadu da Mamman duk suna ɗaya ne a kunnen Bahaushe. Haka Abubakar da Garba da Habu da Buba, ko Abdullahi da Audu, ko Usman da Shehu. Kwamfuta kuwa harafi take ƙirgawa.

Wasu manhajoji ba sa karɓar alamar hamza da ke cikin Sa'adu ko Mu'azu ko Rabi'u, kuma haruffa masu ƙugiya na Ɗahiru da Ɗanjuma kan ɓace. A tsallaken iyaka, a Maraɗi ko Damagaram, rubutun Faransanci kan mai da sunayen su zama Mahamadou da Ousmane da Aïchatou.

Ga kuma jerin sunayen. Wanda makarantar firamare ta rubuta wa Ibrahim Musa, banki na iya rubuta masa Musa Ibrahim. Mace na iya ɗauke da sunan mahaifinta a takardar makaranta, da na mijinta a asusun banki.

Abin da ya faru a ƙasashen waje

A 2011, wani mutum mai suna Sergio Ramirez ya je sayen mota a jihar Kalifoniya ta Amurka, aka ƙi sayar masa. Rahoton kamfanin TransUnion ya nuna cewa sunansa ya yi kama da na wasu da ke cikin jerin 'yan ta'adda da masu fataucin miyagun ƙwayoyi na ma'aikatar kuɗin ƙasar. Sunan farko da na ƙarshe kawai kamfanin ya kwatanta, bai duba ranar haihuwa ba.

An shigar da ƙara a madadin mutum 8,185 da aka yi wa irin wannan tambari. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa mutum 1,853 ne kawai daga cikinsu, waɗanda aka aika rahotonsu ga wasu kamfanoni, ke da hurumin neman diyya kan wannan tambari.

Tun kafin nan, binciken da FTC ta fitar a 2013 ya gano cewa mutum ɗaya cikin biyar na da kuskure a aƙalla ɗaya daga cikin rahotannin bashinsa.

Masu sunayen Musulunci sun fi jin jiki bayan hare-haren 11 ga Satumban 2001. A ranar 31 ga Disamban 2003 aka kama Khaled el-Masri, ɗan ƙasar Jamus, a kan iyakar Masedoniya, saboda sunansa ya yi kama da na wani da ake zargi da alaƙa da al-Ƙa'ida. An miƙa shi ga hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, aka tsare shi a Afganistan, sannan aka sake shi a Albaniya a watan Mayun 2004. A 2012 Kotun Kare Haƙƙin Bil'adama ta Turai ta umarci Masedoniya ta biya shi diyyar yuro 60,000.

Bankunan duniya kuma kan tantance abokan hulɗarsu da wani rumbu mai suna World-Check. A 2017 kamfanin Thomson Reuters, wanda ya mallake shi a lokacin, ya nemi afuwa tare da biyan diyya ga masallacin Finsbury Park da ke Landan kan bayanan da suka danganta shi da ta'addanci, bayan bankin HSBC ya rufe asusun masallacin a 2014.

Kuskure na biyu ma ya taɓa janyo babban lamari. Binciken da fadar White House ta yi kan yunƙurin Umar Farouk Abdulmutallab na tarwatsa jirgin sama a ranar Kirsimetin 2009 ya gano cewa kuskuren rubuta sunansa ya sa ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauka da farko cewa ba shi da bizar ƙasar, alhali yana da ita.

Tsohuwar matsala

Malaman hadisi sun yi fama da wannan matsala ƙarnuka da dama da suka wuce, domin rikita mai ruwaya amintacce da mai rauni na iya sauya hukuncin hadisi.

Al-Khaɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a 1071 Miladiyya, ya wallafa littafin Al-Muttafiƙ wal-Muftariƙ kan mutanen da sunansu da na iyayensu suka zo ɗaya alhali daban suke. Kafin shi, Imam Daraƙuɗni ya rubuta Al-Mu'talif wal-Mukhtalif kan sunayen da rubutunsu ya yi kama amma furucinsu ya bambanta.

Hanyar da suka bi ita ce ƙara alamomi: garin mutum, da malamansa, da ɗalibansa, da shekarar rasuwarsa. Ƙa'idar ita ce suna kaɗai ba ya isa hujja, kuma ita ce ƙa'idar da shari'ar Ramirez ta nuna kamfanonin zamani na iya takewa.

Maganin lamba

Najeriya ta zaɓi ta bambanta 'yan ƙasarta da lamba da kuma zanen yatsa. An kafa hukumar katin shaidar ɗan ƙasa, NIMC, da dokar 2007, kuma ita ke bayar da lambar NIN mai alƙaluma 11. A watan Fabrairun 2014 Babban Banki ya ƙaddamar da lambar BVN, ita ma mai alƙaluma 11.

A watan Disamban 2020 gwamnati ta umarci a haɗa kowane layin waya da NIN, kuma a watan Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Hukumar JAMB ta wajabta NIN ga masu neman shiga manyan makarantu daga 2021, hukumar shige da fice ma ta ɗaura fasfo a kanta. A 2023 yawan masu lambar ya haura miliyan 100.

Tsarin ya rage kuskure na farko, domin masu suna ɗaya ba za su zama masu zanen yatsa ɗaya ba. Da irin wannan fasaha hukumar zaɓe, INEC, ta soke sabuwar rajista kimanin miliyan 2.78 kafin zaɓen 2023, ciki har da ta waɗanda suka yi rajista fiye da sau ɗaya.

Sai dai ya fito da kuskure na biyu fili. Da aka fara kwatanta rumbu da rumbu, duk wanda sunansa a NIN bai yi daidai da na BVN ko na takardar jarrabawa ba, sai lamarinsa ya tsaya har sai ya gyara. A gari irin Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da wasu manyan makarantu ke ɗaukar ɗalibai kowace shekara, harafi ɗaya na iya jinkirta wa ɗalibi rajista.

Bugu da ƙari, nauyin abin da ke rataye a kan lambar ya ƙaru. Tun daga watan Agustan 2020, Babban Banki ya ba bankuna damar cire bashin da mutum ya ƙi biya daga sauran asusunsa a wasu bankuna, ta hanyar amfani da BVN. Duk wanda aka ci bashi da lambarsa, kuɗinsa na cikin haɗari.

Layin waya ma na iya haɗa mutum da wanda bai sani ba, domin kamfanonin sadarwa kan sake sayar da layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba, alhali wataƙila yana haɗe da asusun bankin mai shi na farko.

Idan lambar ta fita

A watan Maris na 2024, gidauniyar binciken ƙwaƙwaf ta 'yan jarida, FIJ, ta ba da rahoton cewa wani shafin intanet mai suna XpressVerify na sayar da bayanan NIN ga duk mai biya.

A watan Yunin shekarar, ƙungiyar Paradigm Initiative ta ce ta sayi takardar NIN ta ministan sadarwa Bosun Tijani a kan naira 100 daga wani shafi mai suna AnyVerify. Hukumar NIMC ta musanta cewa an kutsa cikin rumbunta, ta kuma gargaɗi jama'a da su guji irin waɗannan shafuka.

Ga mai sunan da ya yi yawa, haɗarin ya fi girma. Ɗan damfara da ya sami lambar wani Abubakar Ibrahim ba zai sha wahalar samun asusu ko takarda mai wannan suna ba.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da 'yancin sirrin 'yan ƙasa. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokar kare bayanai, wadda ta kafa hukumar NDPC.

Dokar ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya tabbatar daidai suke kuma ba masu ɓatarwa ba. Ta ba mutum ikon neman kwafin abin da aka adana a kansa, da neman a gyara kuskure, da neman a goge bayanin a wasu yanayi. Ta kuma ba shi ikon ƙin amincewa da hukuncin da kwamfuta kaɗai ta yanke a kansa ba tare da sa hannun ɗan Adam ba, idan hukuncin na da babban tasiri.

Tarar manyan kamfanoni na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. A watan Agustan 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, matakin da bankin ya ƙalubalanta.

Dokar rahoton bashi ta 2017 kuma ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, tare da ikon ƙalubalantar abin da bai yarda da shi ba.

Gibin da ke akwai shi ne, dukkan waɗannan haƙƙoƙi sai mutum ya nema. Galibi ba ya sanin an yi kuskure sai an hana shi wani abu, kuma shi ke ɗaukar wahala da kuɗin gyara. Kazalika dokar Najeriya ba ta da sauƙin aiwatarwa a kan dillalin da ke zaune a Landan ko Amurka.

Matakan kariya

Mataki na farko shi ne zaɓen rubutu ɗaya da jeri ɗaya na suna, sannan a daidaita NIN da BVN da fasfo da takardun makaranta a kansu. Tun da sauran hukumomi daga NIMC suke ɗaukar bayani, daga nan ya kamata a fara.

Gyaran suna kan buƙaci takardar rantsuwa daga kotu da sanarwa a jarida, gyaran ranar haihuwa kuma kan buƙaci takarda daga hukumar ƙidaya ta ƙasa. A 2024 NIMC ta buɗe shafin da mutum zai iya neman gyara da kansa, kuma ana biyan kuɗi.

Suna na uku na rage rikici sosai, ko na kaka ne, ko na gari, ko na unguwa, matuƙar an riƙe shi a kowace takarda. Yana da kyau mutum ya karanta abin da ma'aikacin rajista ya rubuta kafin ya sa hannu, kuma wanda ba ya karatun boko ya je da wanda zai karanta masa.

Kada a bayar da NIN ko BVN ga mai kira a waya, ko a bar hoton takardar a shagon kwamfuta. Wanda zai daina amfani da layi, ya fara cire shi daga asusunsa na banki. Wanda aka hana rance ba tare da dalili ba, ya nemi rahoton bashinsa, ya rubuta ƙorafi ga kamfanin, sannan ga NDPC ko Babban Banki idan ba a saurare shi ba.

Ga iyaye kuwa, rajistar haihuwa a ofishin hukumar ƙidaya jim kaɗan bayan suna, da ainihin ranar da aka haihu da cikakken suna mai sassa uku, ita ce takardar da duk sauran takardun yaro za su dogara a kai har ya girma.